"Wa ya aiko ka?": abin da doka ta ce kan ganin takardun gwamnati

Ranar Juma'a 11 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke wani hukunci da na so a ce gidajen rediyonmu sun kwana suna maganarsa. Kotun ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan kowane mataki na gwamnati, har da jihohi da hukumominsu. Daga ranar, kwamishina ko babban sakatare ko shugaban wata hukumar jiha ba shi da sauran bakin ce wa mai tambaya, "Ai wannan dokar ta Abuja ce, majalisarmu ba ta amince da ita ba." Ni lauya ne, abincina yana cikin shari'ar filaye da gado da bashi. Amma an taɓa rubuto mini wannan magana a kan takarda mai tambarin gwamnati, ita ce ta jefa ni cikin binciken da nake son ba ku labarinsa.

Kawuna shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarsu, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. An zo an fara gina musu ƙaramin asibiti. Aka kafa allo mai ɗauke da sunan ma'aikatar da ta bayar da aikin da na kamfanin da aka ba, gini ya tashi har ya kai linta, sai wata safiya leburori suka kwashe kayansu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bulo ya fara narkewa ta gindi, awaki suka mayar da ɗakin haihuwa makwanci. Mai naƙuda kuwa sai dai a sa ta cikin adaidaita sahu zuwa garin da ke gaba. Kowa da irin labarin da ya ji. Wani ya ce an biya ɗan kwangila kuɗinsa cif ya gudu, wani ya ce gwamnati ce ta riƙe masa, wani ya ce kansila ne ya ci. Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Barista, mu ba rigima muke nema ba. Nawa aka ware, nawa aka biya, wa aka biya? In mun san wannan, mun san wanda za mu tunkara." Na ce, "Kawu, akwai dokar da ta ba ku damar tambaya. Bari in rubuta."

Na buga wasiƙa kwafi biyu na kai da kaina. Ofishin rajistar ma'aikatar ɗaki ne guda mai fanka ɗaya, fayiloli ɗaure da zare a jibge kan kabad har suna taɓa silin. Wani dattijon akawu ne a teburin karɓar wasiƙu. Ya gyara tabarau ya karanta kan wasiƙar a hankali, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wa ya aiko ka?" Na ce, "Baba, mutanen unguwa ne, amma ko ba wanda ya aiko ni, doka ta ce a karɓa." Ya ce, "To me za ku yi da takardun kwangila?" Ga hatimi a gabansa, ga tawada, amma hannunsa ya ƙi zuwa. Can ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, in na buga hatimin nan a kwafinka, gobe ni za a kira sama." Sai da ya hau bene ya nemo izini, sannan ya dawo ya buga, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu.

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Mutumin nan ya yi shekara da shekaru a aikin da tun ranar farko ake rantsar da mutum kan riƙe sirri, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda ta mayar da fitar da takarda mai tambarin sirri laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa sashe na 27 na dokar 2011 ya kare ma'aikacin da ya bayar da bayani da kyakkyawar niyya, ko cewa sashe na 28 ya ce tambarin sirri shi kaɗai ba ya hana a bayar da takarda, sai an duba ko ta faɗa cikin abubuwan da dokar da kanta ta keɓe. Sashe na 13 ya ɗora wa kowace hukuma nauyin horar da ma'aikatanta a kan wannan. Da an yi, da Baba bai ji tsoron hatiminsa ba.

Amsa ta zo bayan wa'adin kwana 7 da doka ta ba su ya daɗe da wucewa, layi kaɗan: an samu wasiƙarmu, amma dokar da muka dogara da ita ta tarayya ce, jihar ba ta mayar da ita dokarta ba, don haka ba za a biya mana buƙata ba. Nan na koma ɗakin karatu, na fara da kundin tsarin mulki na 1999.

Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, har da 'yancin karɓar bayani da isar da shi. Sai dai bai fito fili ya ce dole ofishin gwamnati ya buɗe maka fayil ba, shi ya sa aka buƙaci doka ta musamman. Rigimar tana can wajen ƙarshen kundin, a kashi na biyu na jadawali na biyu, inda aka jera abubuwan da tarayya da jihohi suke da hurumin yin doka a kansu tare. Sakin layi na 4 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka ga ƙasa baki ɗaya ko wani yankinta game da ma'adanar tarihi da takardun hukuma na Tarayya. Sakin layi na 5 ya ba majalisar jiha ikon yin doka game da takardun gwamnatin jiharta, amma bisa sharaɗin na 4. Lauyoyin jihohi suka riƙe na 5, suka ce takardunmu namu ne. Masu neman bayani suka riƙe na 4 da wancan sharaɗin, suka haɗa da sashe na 4(5), wanda ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ya faru a 2018. A cikin shekara guda rassa biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yanke hukunci biyu masu karo da juna. Reshen Akure, a ƙarar da wani ɗan jarida mai suna Martins Alo ya shigar yana neman rahoton binciken kuɗin jihar Ondo, ya ce dokar ta hau kan jihohi. Reshen Benin, a shari'ar hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo da Austin Osakue da abokansa, ya ce ba ta hau ba. Na buga hukunce-hukuncen biyu na shimfiɗa su kan tebur kusa da juna, ina bi da jan biro. Kundi ɗaya alƙalan suka karanta, sakin layi ɗaya, amma kowane reshe da inda ya ɓulle. Abin da wannan ya haifar shi ne, a kowace babbar kotun jiha lauyan kowane ɓangare yana da hukuncin da zai ɗaga wa alƙali. Wasu jihohi, irin Ekiti tun 2011, sun yi tasu dokar sun huta. Tamu ba ta yi ba.

Na gaya wa Kawu gaskiya. Na ce, "Kawu, in muka je kotu yanzu, caca ce. Muna iya ci su ɗaukaka ƙara, mu yi shekaru ana jeka-ka-dawo, asibitin kuma yana nan yadda yake." Ya yi shiru, ya ce a dakata tukuna. Mutanen Edo su ba su dakata ba. Tun farkon 2014 suka nemi takardun yadda aka kashe kuɗin wani shirin yaƙi da ƙanjamau, suka ci a babbar kotun jiha, aka kayar da su a 2018, suka wuce Kotun Ƙoli. Shekara 11 ke nan tsakanin wasiƙarsu da hukuncin ƙarshe. Duk wanda zai rubuta wa ma'aikatar jiha yau a Kano ko Sakkwato ko Bauchi, albarkacin haƙurin waɗannan mutane yake ci.

Ita kanta dokar da jan ƙafa ta zo. Tun 1993, zamanin soja, ƙungiyoyin Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa suka fara tsara daftarinta. Ƙudurin ya shiga majalisa a 1999, aka kammala amincewa da shi a 2007, Shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu, aka koma farko. Sai ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Jonathan ya rattaba hannu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu da 'yan watanni, domin a Fabrairun wannan shekarar suka kafa tasu dokar ta samun bayanai da takardun hukuma.

Gajeriyar doka ce, sashe 32 kacal, mutum zai karance ta tsakanin Azahar da La'asar. Abu na farko da ta amsa shi ne tambayar Baba akawu. Sashe na 1(2) ya ce mai nema ba ya buƙatar nuna wata alaƙa ta musamman da bayanin da yake nema. Ba sai ɗan jarida ba, ba sai lauya ba, ba sai ɗan garin ba. Sashe na 3 kuwa ni a ganina kamar don mutanenmu aka rubuta shi, kuma shi ne ba kasafai ake ambata ba: wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalurar nakasa, yana iya nema ta hannun wani, kuma in mutum ya zo ya nema da baki, wajibi ne jami'i ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafi. Wato tsohuwar da ke son sanin ko sunanta yana cikin jerin waɗanda aka ce an raba wa taki tana iya shiga sakatariya ta faɗa da bakinta, rubutawa aikin ma'aikaci ne.

Sai maganar lokaci, inda na fi ganin mutane suna tuntuɓe. Hukuma tana da kwana 7 daga ranar da ta karɓi buƙata: ko ta bayar, ko ta rubuto dalilin ƙi tare da sashen da ta dogara da shi. In takardun suna da yawa tana iya ƙara wasu kwana 7, ba fiye ba, kuma sai ta sanar da kai. In bayanin yana hannun wata hukuma ce, wadda ka rubuta wa tana iya tura buƙatar can. In ta yi gum har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Daga ranar sai wani lissafin ya fara: kana da kwana 30 ka kai ƙara. Kotu tana iya ƙara maka lokaci, amma wannan roƙo ne, tana iya ƙi. Na sha ganin ƙungiya ta kai wasiƙa ana ta ce mata "oga ya yi tafiya", "fayil yana sama", "ku dawo mako mai zuwa", ita kuma tana ta bi da ladabi, ranar da haƙuri ya ƙare ta nemi lauya kwana 30 sun daɗe da shigewa. In haka ta faru, a kai sabuwar wasiƙa a sake karɓar hatimi. Kwafin nan mai hatimi da kwanan wata ya fi duk Turancin da ke cikin wasiƙar daraja, domin in babu shi ba ka da abin nuna wa alƙali. In an ƙi buga maka, aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit.

Rubuta buƙatar ma sai da dabara. Doka ta ba ka haƙƙin takarda ko bayanin da ke hannun hukuma, ba ta tilasta wa kowa ya zauna ya yi maka sharhi ba. Wanda ya rubuta "me ya sa ba a gama asibitinmu ba?" ya buɗe musu hanyar zillewa, za a ce masa gwamnati tana sane, ana kan duba lamarin. Wanda ya rubuta cewa yana son kwafin takardar bayar da kwangila, da jadawalin kayan aiki da farashinsu, da takardun shaidar matakin aiki da injiniya ya sa wa hannu, da baucocin biyan kuɗi daga wata kaza zuwa wata kaza, ya ƙure su. Ko su bayar, ko su faɗi sashen da ya hana, ko su amsa a rubuce cewa takardun babu su. Kafin a rubuta, a fara tattara abin da yake a fili. Ɗauki hoton allon aikin, shi zai gaya maka ko aikin na jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na mazaɓar ɗan majalisar tarayya da aka bi da shi ta wata hukumar Abuja. Nemo layin aikin a kasafin kuɗin shekarar. Duba rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 na tsarin mulki ya ce a miƙa wa majalisar jiha. Kuɗin da za a caje ka kuwa na kwafar takarda ne kawai, sashe na 8 na dokar 2011 bai yarda da wani "kuɗin bincike" ba.

Ba kowace takarda ake bayarwa ba, kuma ban ga aibi a nan ba. Tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, binciken laifi da ake kan yi, bayanan da suka shafi sirrin mutum, sirrin kasuwancin kamfani, maganar lauya da wanda yake karewa, majiyar ɗan jarida, tambayoyin jarrabawa, duk an keɓe su. Ni ma ba zan so maƙwabcina ya je ya nemo takardar jinyar iyalina da sunan 'yanci ba. Amma dokar ba ta bar hukuma ta fake da waɗannan yadda ta ga dama ba. Yawancinsu suna da sharaɗin cewa in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar, a bayar. Sashe na 18 ya ce in wani ɓangare ne kawai na takarda ya faɗa cikin keɓewa, a cire shi a bayar da sauran. Sashe na 24 ya ɗora nauyin hujja a kan hukumar da ta ƙi, ita za ta gamsar da alƙali, kuma alƙali yana da ikon cewa a kawo masa takardar ya gani da idonsa. Kamfani mai zaman kansa ma bai tsira ba in yana aiki da kuɗin jama'a ko yana gudanar da hidimar jama'a.

Duk da haka dokar tana da rauni babba, kuma hukuncin Kotun Ƙoli bai taɓa shi ba. In an hana ka, ba ka da wurin zuwa sai babbar kotu. Babu wata hukuma mai zaman kanta da za ka kai wa ƙorafi kyauta, ta kira jami'i ta ce ya bayar. Sashe na 21 ya ce a saurari irin wannan ƙara a taƙaice ba tare da dogon zango ba, amma duk wanda ya san kotunanmu ya san ɗage zama da yajin aiki da hutun shekara da sauya alƙali. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin lauya, kuɗin mota: ƙungiyar unguwa da ke rayuwa da karo-karo ba za ta iya ba. A Indiya, inda dokarsu ta 2005 ta samo tushe daga gwagwarmayar ƙauyawan Rajasthan masu neman ganin rajistar biyan leburori, akwai hukumar bayanai a tarayya da a jihohi, kuma tana iya cin jami'in da ya yi jinkiri tarar rupi 250 kowace rana har zuwa 25,000, shi kansa zai biya. Ghana ma ta kafa hukuma irin wannan da dokarta ta 2019. Mu kuwa tarar naira 500,000 ce a sashe na 7(5), wadda aka yanka lokacin da dala take wajen naira 150, kuma sai an gurfanar da mutum an same shi da laifi. Mai iko na ƙarshe kan gurfanarwa shi ne Antoni Janar, wanda ofishinsa ne kuma yake kare ma'aikatu a kotu. In majalisa za ta gyara abu ɗaya tak a dokar nan, ni wannan zan zaɓa: hukumar karɓar ƙorafi mai ofishi a kowace jiha, mai ikon hukunta jami'i shi kansa.

Cin shari'a ma ba shi ne samun takarda ba. A 2016 Babbar Kotun Tarayya a Legas, a ƙarar da SERAP, ƙungiya mai fafutukar bin diddigin gwamnati, ta shigar, ta umarci gwamnatin tarayya ta bayyana kuɗin sata da aka ƙwato tun 1999 da yadda aka kashe su, ƙungiyar kuma ta yi shekaru tana tunatar da gwamnati hukuncin. Takardun bayyana kadarorin masu mulki ma haka. Tsarin mulki ya ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta bar ɗan ƙasa ya duba su bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya, hukumar kuma ta daɗe tana cewa majalisa ba ta gindaya ba tukuna.

Bayan hukuncin Afrilu na sake rubuta wa waccan ma'aikata, na maƙala kwafin hukuncin. Wannan karon ba a yi maganar Abuja ba. An ba mu takardar kwangila da baucocin biyan kuɗi, waɗanda suka nuna an biya kuɗin fara aiki da wani kaso bayansa. Takardun shaidar injiniya kuwa, waɗanda su ne za su nuna ko aikin da aka yi ya kai kuɗin da aka biya, sai aka ce an neme su ba a gani ba. Wannan amsar ta fi ƙin bayarwa damuna. Mai ƙi ana iya kai shi kotu. Takardar da babu ita, umarnin alƙali ba zai fito da ita ba.

Wani bincike kan rikicin iyakar gona ya taɓa kai ni ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyi uku, tare da Ibadan da Inugu, da suka tsiro daga ofishin da masanin tarihi Kenneth Dike ya assasa a 1954. Aka kawo mini fayil na zamanin Turawa, takardar ta yi ja, gefenta yana ɓarewa in ba ka juya a hankali ba. A ciki akwai rahoton kimanta harajin wata gunduma: ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, yawan magidanta, shanu nawa, rijiyoyi nawa, masaƙa da marina nawa, ga bayanin Di'o a gefe da fensir. Ba don ƙaunarmu suka rubuta ba, don haraji da jangali ne. Amma fayil ɗin yana da lamba, lambar tana cikin kundi, kuma bayan kusan shekara ɗari ma'aikaci ya shiga ya ɗauko shi. Kwangilar da aka bayar jiya-jiya kuwa za a ce maka takardunta sun ɓata lokacin sauya ofis, ko ruwa ya ci, ko suna wurin tsohon darakta. Dokar 2011 ta hango wannan. Sashe na 2 da na 9 sun wajabta wa kowace hukuma ta rubuta ayyukanta ta adana su yadda za a iya nemowa, sashe na 10 kuma ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan. Abin da ke ƙara tayar mini da hankali shi ne yadda umarni da yawa yanzu suke tafiya ta WhatsApp a wayar oga. Ranar da oga ya bar kujera ya tafi da wayarsa, babu fayil ɗin da zai nuna wa ya ce a biya.

Inda nake ganin dokar za ta fi yi wa talaka amfani yanzu shi ne ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Adadin da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, kowa yana iya gani a intanet. Abin da ba ma gani shi ne nawa ya shiga asusunta a zahiri, kuma ina ya tafi. Wannan tambaya ce da ba ta wuce shafi guda ba: bayanin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita na wata uku, jerin masu karɓar albashi, jerin ayyukan da aka biya. Sashe na 2 na dokar 2011 ma ya ce irin waɗannan bayanai, har da sunaye da albashin ma'aikata da adireshin jami'in da za a kai wa buƙata, hukuma ce za ta wallafa su da kanta ba sai an tambaya ba. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya rubutawa, ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya rubutawa, haka kwamitin lafiya na mazaɓa. Shawarata a rubuta da sunan ƙungiya domin kada a ware mutum ɗaya a matsa masa, mutum biyu su kai, a ɗauki hoton kwafin mai hatimi tun kafin a bar harabar sakatariya, a rubuta ranar cikar kwana 7 da ta cikar kwana 30 a bayan takardar. In aka yi shiru, a nemi reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa ko cibiyar taimakon shari'a ta tsangayar lauyoyi a jami'a tun wa'adin bai cika ba. A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, zan kawo samfurin wasiƙar da Hausa da Turanci, wanda za a iya cike gurabensa da biro a kai.